Katako Mai Kuka a Ɗakin Gwaggo Hure

Ku samarin yanzu, da kun kalli ɗan guntun bidiyo a waya sai ku ce kun iya kafinta. Jiya ma wani daga cikinku ya tsaya a ƙofar warshar nan yana ce mini, “Ammi Harun, daɓen katako ai ba aiki ba ne. Ka ɓalle tsofaffin katakai, ka shimfiɗa ablakash, ka ɗaure, khalas.” Na dube shi tun daga silifas har gashin kan nan da ya sha mai, na ce to, Allah ya ba da sa'a. Shimfiɗa ablakash, fallen katakon nan na kamfani, kowa ya iya, ai tabarma ce mai tauri. Aikin yana ƙarƙashi, inda ba mai gani. Ku ja kujera ku zauna, tunda yau ba wanda ya kawo aiki.

Ni a hannun Malam Bako na koyi sana'a, nan cikin Hindawiyya ta Makka, tun lokacin da rabin gidajen unguwar nan na dutse ne da itace. Mutumin ƙasar Sakkwato ne. Iyayensa suka taso da shi yana ƙarami ta hanyar Sudan, suna tafe suna yada zango suna noma, har ya isa Makka da gemunsa. A hanya ya koyi sassaƙa, a nan ya koyi aikin bene wurin tsofaffin kafintocin gari. Larabawa na ce masa Mu'allim, mu muna ce masa Malam. Bai da yawan magana, kuma idan ya yi ta, ba ya maimaitawa.

Kayan aikinsa ba su cika akwati ɗaya ba. Zarto, guduma mai ƙotar da ya sassaƙa da kansa, ma'aunin ruwa, zaren lilo, da abin goge katako da Larabawa ke kira fara. Ranar da na fara zuwa ya ce, “Miƙo mini fara,” na tsaya ina waige-waige ina neman kwanon soyayyar fara. Shi ne karo na farko da na ga haƙoransa, kuma an jima kafin na sake ganinsu. A ƙarƙashin bencinsa akwai wani guntun katakon ƙasar Jawa, ja mai nauyi, da ya ciro daga tagar wani tsohon gida da aka rushe. Gara ba ta cin wannan katako, ko ta zo sai dai ta gaishe shi ta wuce. Mun sha roƙonsa ya yanka mana ƙotar guduma a ciki. Sai ya ce, “Yana da aikinsa.” Mu ce wane aiki, ya ce bai zo ba tukuna.

Abin da ya fi tsana a duniya shi ne daɓe mai kuka. Idan mun gama ɗaki, sai ya tuɓe takalmi ya taka shi lungu-lungu, yana tafiya a hankali kansa a karkace. Mu kuwa muna bakin ƙofa kowa ya riƙe numfashi. Katako ɗaya ya ce ƙiii, shi ke nan, ranar ba wanda zai ci abincin rana a kan lokaci. Ya ce katako ba ya kuka a banza, wanda ya yi kuka yana faɗa maka ba abin da ke riƙe da shi ne.

Abin da ke riƙe da shi ɗin kuwa, shi ne abin da nake so ku gane. Daɓen bene yana zaune ne kan itatuwan da aka gitta daga bango zuwa bango. Malam yana ce musu azara, ko da yake ba giginya ba ce. Tsofaffin katakai dogaye ne, suna bi ta kan azara da yawa, har su shige ƙarƙashin bango. Ranar da ka yanke su daidai gindin bango don ka sa ablakash, sai ka tarar azarar ƙarshe tana can ƙarƙashin bangon, hannunka ba ya kai mata. Bakin ablakash ɗinka ke nan yana reto a iska. Haka ma inda falle biyu suka haɗu tsakanin azara da azara, ba abin da ke ƙasansu sai rami. Dole ka yanko guntayen katako masu ƙarfi ka gitta su, ka ɗaure su a jikin azara, ta yadda kowane baki na ablakash zai sami wurin zama. Larabawa suna da sunansu. Malam yana ce musu majanyi.

Na ga kun dubi juna. Ku da Hausarku ta ƙare a “ina kwana” ba za ku san majanyi ba. Idan uwa ta goya yaro da zane, akwai ɗan ƙyallen da take ƙarawa ta ɗaure a ƙasa, ya tallafi ɗuwawun yaron kada ya zame. Shi ne majanyi. Ba shi ake kallo ba, zanen ake kallo, amma ku je ku tambayi kakanninku mata wacce ta taɓa shiga ɗawafi da goyo ba majanyi.

Baƙin kafintoci da yawa sun sha kunya a gidajenmu a kan wannan. Su suna ƙarfafa tsakiyar ɗaki, don a ganinsu nan ake takawa. Mu kuwa wa ke zama a tsakiyar ɗaki? Tsakiya ta faranti ce da butar shayi. Mutanenmu bango suke bi. A jera matasai a gindin bango, a yi rasuwa ko suna, mata su cika ɗaki kowace ta jingina, kuma ba ƙananan mata ba, Allah ya ƙara musu lafiya. Duk nauyin gidan Bahaushe a gindin bango yake, daidai inda ablakash ya fi rauni. Na taɓa gyara wani ɗaki a unguwar Kudai da gefensa ya lotsa ranar walima, aka ce wata baiwar Allah ta yi baya da kofin shayi a hannu, ƙafafu sama. Ba ta ji ciwo ba, amma har ta rasu ba ta sake shiga gidan ba.

To, shi wannan Malam da bai yafe wa kowa kukan katako ba, a gidansa akwai katako mai kuka. Gidan yana can ƙarshen layin masu gasa burodi, ƙasa dutse, sama ɗaki ɗaya da ya ɗora da hannunsa. Nan matarsa take, Gwaggo Hure. Ita ta ciyar da mu duka muna almajiran sana'a, ni kam har wanki ta yi mini lokacin da mahaifiyata ke jinya. Daɓen ɗakin nan shekara da shekaru shiru yake. Sai bayan na girma na buɗe warshata, wata rana na hau gaishe ta, na taka wani wuri kusa da gadonta, na ji ƙiii. Na sake takawa, ya sake yi. A lokacin idanunta sun fara hazo, tana ganin mutum amma sai ya yi magana take sanin ko wane ne.

Na sauko na sami Malam yana shan shayi, na ce, “Malam, akwai katako ɗaya a sama da ya saki. Bari in kawo guduma gobe.”

Bai ko ɗago ba. Ya ce, “Wa ya aike ka?”

Na kama hanyata. Amma mu tsofaffin yaransa mun yi ta gulmar abin a tsakaninmu, muna dariya muna cewa tsufa ya kama Malam, kunnen ya tafi. Ni dai abin yana ba ni kunya, don duk wanda ya hau ɗakin nan ya san gidan kafinta ne. Har Allah ya karɓi ransa katakon nan yana kuka. Bayan rasuwarsa idanun Gwaggo suka rufe gaba ɗaya.

Shekaru suka shuɗe, siminti da tayil suka cinye sana'ar. Muka koma rayuwa da aikin alhazai. Kafin Hajji masu gidajen unguwar Aziziyya za su kira mu, a raba falo da ablakash, a haɗa gadaje, a gyara ƙofofi. Bayan Hajji a sake kiranmu mu kwance abin da muka haɗa, mu gyara abin da aka karya. Ba aikin alfahari ba ne, amma da shi aka aurar da 'ya'ya. Sai shekarar annoba ta zo. Ku kun gan ta, amma ba ku gan ta da idon mai iyali ba. Aziziyya da ko a ƙafa ba ka iya ratsa ta lokacin Hajji, na bi ta na ji ƙarar takalmina. Ba bas, ba alhaji, ba mai kiran kafinta. Na sayar da zarton lantarki, na sayar da injin goge katako, na koma kan akwatin da na gada daga Malam. Kullum in buɗe warsha in share, in wasa zarton da bai yanki komai ba, in rufe. Matata ta ce me nake zuwa yi, na ce ina zuwa ne kada ƙofar ta manta da ni.

Ana cikin farfaɗowa daga wannan ne Faisal ya zo. Shi ne autan Malam, ma'aikacin ofis ne, yana zaune a wani dogon gini a Aziziyya. Mutumin kirki ne, a gabana aka haife shi, sai dai Hausarsa ta sha Larabci har ta ƙoshi. Ya zauna a kan wannan bencin da kuke kai, fuskarsa ba walwala.

Ya ce, “Yaya Haruna, ƙafar Inna ta burma cikin daɓe. Kusa da ƙofa. Allah ya kiyaye, ƙwauri kawai ta ƙuje.”

Na'urar sanyaya ɗaki ce ta jawo. Ta yi shekaru tana ɗiga a jikin bango, itace ya jiƙe, gara ta samu gida. Faisal ya riga ya shirya mata ɗaki a wurinsa, mai tayil, ga lif, ga asibiti kusa. Ita kuwa ta ce ba inda za ta. Sun kai ruwa rana, yayyensa mata suka shiga tsakani, aka tsaya a kan magana ɗaya: a kira Haruna ya sake daɓen. Idan ya yi lafiya, ta zauna. Idan bai yi ba, ta bi ɗanta.

Ya ce, “Amma da sharaɗi, Yaya. Ni zan taka shi da kaina, irin yadda Baba yake yi. Idan na ji ƙara ko ɗaya, wallahi a ranar zan ɗauke ta. Ba zan jira waya ta zo mini cewa ta faɗo ƙasa ba.”

Na ce ai wannan ba sharaɗi ba ne a wurina, haka aka koya mini. Na ba shi hannu.

Washegari da hantsi na ɗauki akwati na tafi. An sauko da Gwaggo ɗakin ƙasa wurin jikarta da mijinta, waɗanda ke zaune a gidan. Na same ta a takure a kan katifa, carbi a hannu. Ta ji muryata ta ce, “Haru, kai ne? Matso in ji ko har yanzu kana warin katako.” Ta kama hannuna ta shafa, ta ce ya yi laushi, alamar ba aiki. Muka yi dariya. Sai ta rage murya.

“Akwai katakona mai kuka. Kada ka taɓa mini shi.”

Na ce, “Gwaggo, ai shi ne na farkon fita. Auta ya ce ko ƙara ɗaya ya ji...”

“Na ji abin da ya ce, ba a bayan idona ya faɗa ba. Saurara. Ka san alƙiblar gidan nan a karkace take, ba ta bin bango. Idan na tashi salla, sai in dafa ƙafar gado da dugadugina, in miƙa ƙafar dama ina lalube. Inda ya yi kuka, nan ne Ɗakin Allah. Ko darduma ba na bari a shimfiɗe, don a gidan da ke da yara darduma ƙafa gare ta. Tunda aka sauko da ni nan, sau biyar a rana sai na kira yarinyar nan ta zo ta juya ni kamar tukunya a murhu. Wani lokaci tana wanka, wani lokaci tana barci, ni ina zaune lokaci yana wucewa. A gidan Auta haka zan ƙare. Ni ban roƙi idanu ba, Haru, Mai su ya karɓa. Amma in tsaya gaban Ubangijina ba sai an kama kafaɗata ba, wannan kaɗai ya rage mini.”

Na ce me ya sa ba ta gaya wa Faisal ba. Ta ce ta gaya masa, ya sayo mata wani agogo mai magana da ke faɗin alƙibla da Larabci, ita kuwa ta ba yara suna wasa da shi. A ganinsa tsufa ne ke sa ta kafewa a kan ruɓaɓɓen katako.

Na hau sama raina a jagule. Na ba ɗa hannu a kan shiru, uwa kuma ta roƙe ni kuka. Kuma a sanina, katako mai kuka katako ne da ba shi da majanyi. In na tallafe shi ya yi shiru, in na bar shi wata rana ya karye da ita.

Na fara daga bakin ƙofa. Katakan nan suna fitowa kamar biskit, sama lafiya, ciki gari. Na bi azara ɗaya bayan ɗaya ina soka musu ƙusa in ji inda ta nutse. Biyu na kusa da taga sun ciwu a ka, sauran lafiya lau. Aikin Malam kuwa ga shi nan a fili bayan shekaru masu yawa, kowane majanyi a wurinsa, kowace ƙusa a miƙe. Na daɗe a tsugune ina kallo, kewarsa ta kama ni sosai. Na bar mai kukan sai ƙarshe. Ban ma taɓa gadon ba, sai da na zana inda ƙafarsa take a jikin bango da azara.

Da na zo kansa, na sa ƙarfe a hankali na ɗaga. Ina jiran in ga rami. Sai na ga majanyi, kuma ba irin sauran ba. Ja ne, gara ta ci na kewaye da shi ta bar shi ko ƙwarzane babu. Katakon Jawa ne, wanda ke ƙarƙashin benci. An ɗaure shi a jikin azara ta kowane gefe, ɗaurin da ko raƙumi ya taka ba zai motsa ba. Amma a samansa an bi da fara an rage shi kaɗan, kaurin farce, faɗin tafin hannu. Sawun farar yana nan sumul, hannun Malam ne, ko a mafarki na san shi. Ƙusa ɗaya kuma, an buɗa raminta kaɗan a jikin katakon sama. Ka taka, katakon ya sauka kaurin farce yana gogar ƙusa, ya yi kuka, sannan ya zauna daram a kan majanyi. Duk ɗakin ba inda ya kai wurin nan ƙarfi.

Na ɗaura zare daga inda ƙafar gado take, na bi ta kan ƙusar nan na kai taga. Da can daga tagar ana hango hasumiyoyin Harami, yanzu gine-gine sun tare, sai kan dogon agogon nan na bakin Harami kawai ake gani. Zaren ya nufe shi kai tsaye. Na zauna a kan azara ƙafafuna na reto, na yi dariya ni kaɗai, sannan na share idona da hannun riga. Ashe aikin da aka ce bai zo ba tukuna ya zo ya wuce muna ta gulma.

Sauran aikin irin wanda kuka ce ba aiki ba ne. Azarar nan biyu da suka ciwu na goya wa kowace sabuwa a gefenta, na ɗaure su tare. Na bi gindin bango kaf na sa majanyi, har inda sai na kwanta ruf da ciki nake kai hannu. Na auna ablakash yadda kowace mahaɗa za ta faɗo a tsakiyar azara, inda ba ta faɗo ba na gitta mata majanyi. Tsakanin falle da falle na bar kaurin ƙusa, don zafin garin nan yana sa katako miƙa, in bai sami wuri ba ya yi doro. Duk da zarton hannu, ga ciwon tsufa a gwiwa. Na sa aka gyara na'urar sanyin aka fitar da bututunta waje.

Sai wurin Gwaggo. Tsohon katakon gara ta ci kansa da gindinsa, amma tsakiyar lafiya. Na yanke tsakiyar, na huda mata taga a jikin ablakash daidai girmanta, na kewaye tagar da majanyi ta kowane gefe don bakin ablakash ya sami wurin zama. Majanyin Malam ban taɓa shi ba. Na mayar da guntun, na mayar da tsohuwar ƙusar a raminta, na goge bakin har ya yi daidai da sabon daɓe yadda yatsa ba zai yi tuntuɓe ba. Na miƙe na taka. Shiru.

Kun ji abin da ya ba ni wuya a duk rayuwata ta kafinta. Hannuna ya saba kashe kuka, bai san yadda ake rayar da shi ba. Na matse guntun da yawa. Na ciro, na rage gefe, na mayar, ya yi ƙwas kamar an taka gyaɗa. Na sake cirowa, na ɗan karkata ƙusar. Jikar Gwaggo ta leƙo ta ga tsoho yana taka wuri ɗaya yana karkata kai, ta koma. Sai wajen la'asar ya yi ƙiii. Ba daidai da na da ba, ya fi shi kauri kaɗan, amma kuka ne.

Ban kira Faisal na yi masa bayani ba. Na san shi, zai ce Yaya ya haɗa baki da Inna. Na ce a bari ya zo ya gani da idonsa.

Ranar Juma'a can bayan an sauko, dab da la'asar, ya zo, da farar riga da ƙamshin turare. An mayar da gado inda na zana, ba a shimfiɗa kafet ba tukuna. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Wallahi da ya karkata kai ya fara takawa, sai na ga Malam. Ya bi gindin bango, ya yi tsalle a bakin ƙofa inda ta burma, ya tsaya a kan kowace mahaɗa. Shiru. Fuskarsa ta fara saki. Sai ya nufo gado.

Ƙiii.

Ya tsaya cak. Ya sake takawa. Ya juyo ya dube ni, ba fushi a idonsa, sai wani abu da ya fi fushi ciwo.

“Yaya Haruna, mun yi magana da kai.”

Na ce, “Mun yi. Taka shi da ƙarfinka duka, ka gaya mini ko ya lotsa.”

Ya taka, ya yi tsalle a kai. Ya ce bai lotsa ba, amma yana kuka, kuma Baba ya ce katako ba ya kuka a banza. Na ce haka ne, ba ya yi a banza. Ina shirin ɗauko ƙarfe in buɗe masa ya ga aikin ubansa, sai muka ji motsi a matakala. Gwaggo ce, ta ƙi jira a kira ta, jikarta na riƙe da ita.

A bakin ƙofa ta zare hannunta daga na yarinyar. Faisal ya yunƙura zai kama ta, na riƙe masa riga. Ta dafa bango ta bi shi a hankali, tafin ƙafarta na shafar sabon daɓe, har ta kai gado. Ta juya, ta kafa dugadugi a ƙafar gadon. Ta miƙa ƙafar dama ta taka nan, shiru. Ta ɗan matsa ta taka can, shiru. Na ce a raina ko nauyinta bai kai ba, don ni da nauyina na gwada. Ta sake matsawa kaɗan.

Ƙiii.

Ta tsaya, ta daidaita kafaɗunta, fuskarta na kallon kusurwar taga. Faisal ya bi inda take kallo da ido, har ya kai kan agogon nan da ke leƙowa ta saman gidaje.

Ni kuwa bakina ya ƙi zama. Na ce, “Gwaggo, kin san ba tsufa ne ya sa katakon nan kuka ba? Na buɗe na gani. Malam ne ya...”

Ta ce, “Haru, makanta na yi, ba kurumta ba. Ranar da ya yi shi ina kwance a kan gadon nan da rana, ya ɗauka barci nake. Ina jin farar tana tafiya, ya taka, ya yi tsaki, ya sake. Da ya gama ya sauka ya ce wa yara katakon sama ya tsufa. Ba ya so in san ya lura idona ya fara tafiya. Ni ma ban so ya san na sani ba, sai na bar shi a haka.” Ta sake ɗan danna ƙafa ta saurara. “Naka ya fi nasa kauri. Amma shi ma ya fi ka daɗewa kafin ya samu.”

Faisal ya zauna a ƙasa, a gindin bango, ya rufe fuska da tafin hannu. Aka fara kiran la'asar daga masallacin layin. Jikar ta ɗauko darduma ta matso za ta kama kafaɗar kakarta yadda ta saba a 'yan kwanakin nan.

Ya ce, da Hausa tsantsa wadda ban taɓa jin ya yi ba, “Ƙyale ta. Ba ta dardumar kawai. Ta san hanya.”

Gwaggo ta karɓa ta shimfiɗa da kanta. Muka sauko a hankali muka bar ta. Muna tsakiyar matakala muka ji katakon ya yi kuka sau ɗaya, sannan muka ji kabbara.